Kartar Yaya da Hannun Hagu

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ko kuma in faɗi gaskiya, mu ne muka tashi da asuba, motar abokin tafiyata ba ta tashi ba. Sai da masu fitowa daga masallaci suka taru suka tura ta har gangaren bakin titi, ta yi tari irin na tsohon da aka tasa daga barci, sannan ta yarda. Abokin nawa tsohon malamin gona ne da ya ajiye aiki. Ya ce kada in damu, in ta kama ba ta mutuwa sai an kashe ta. Na ce Allah ya sa, don ni malamin tarihi ne, kuma na karanta labarin dauloli da yawa da aka yi wa irin wannan shaidar.

Dalilin tafiyar yana cikin aljihun gaban rigata: kwalin karta guda, tsoho, wanda gefensa ya yi laushi kamar ganyen ɗaure goro. Kafin wani ya ja tsaki, ba caca nake nufi ba. Kartar ta yayana ce, kuma duk unguwarmu an shaida bai taɓa zama an raba masa kati don a ci ko a cinye shi ba. Abin da ya iya shi ne siddabaru, wato wasan saurin hannu, babu layu babu surkulle. Tun ina ɗan firamare nake ganinsa yana yi, har na yi furfura ban daina buɗe baki ba.

Wasansa da ya fi suna ga yadda yake. Za ka zaɓi kati ka duba ka mayar. Yaya zai gauraya, ya ɗauko wani ya nuna maka ya ce ga naka. Ka ce ba shi ba ne. Sai ya yi kamar kunya ta kama shi, ya rusuna, ya miƙo maka katin a kife da hannun dama, hannun hagu yana tallafe da shi, yadda ake miƙa wa babba abu. Kana juyawa sai ka ga naka. Sirrin yana wurin rusunawar. A daidai lokacin da hannayen biyu suka haɗu, katin da ke dama ya koma kan kartar da ke hagu, wani ya maye gurbinsa. Babu mai kallon hannun mutumin da ke girmama shi, fuskarsa ake kallo. Saboda haka ne ma ake kiran dabarar ladabi. Na tona wannan da izininsa, don ya ce sani daban, iyawa daban.

Bayan ƙaramar Sallah hawan jini ya buge Yaya, hannun dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Daga nan ya daina fitowa majalisar da ake yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ya daina zuwa gashi asibiti, ya koma zaman ɗaki yana sauraren rediyo. Wata ranar Juma'a ya sa aka kira ni, ya ciro kwalin nan daga ƙarƙashin matashi ya miƙo min.

"Yi haƙuri da hagun, Auta," in ji shi. Har yau Auta yake ce min, ko da ɗalibaina suna wurin. "Ga gadonka. Na ba ka tun ina raye, kada a zo rabo liman ya gani a ji kunya."

Na yi dariya don ya ji daɗi, amma abin bai yi min daɗi ba. Mutumin da ya fara raba gadonsa da kansa ya gama shirin zama ne. Ni kuwa na ƙudura sai kartar nan ta koma hannun mai ita. Abin da na riƙe shi ne wata magana da ya taɓa yi min da daɗewa, cewa wanda ya koya masa a Roni ya ce ladabi riga ce aka sa wa dabarar daga baya, ba da ita aka haife ta ba. To idan riga ce, me ke ƙarƙashinta? Wataƙila akwai wani tsohon salo da ba ya bukatar hannu biyu su haɗu. Shi muka fita nema.

Hanyar Roni a ƙarshen damina abin kallo ce. Duwatsun nan da muka saba gani tsirara duk sun yafa kore, gero ya fitar da kai ya fi mutum tsawo, kududdufai sun cika a gindin kowane dutse. Abokina bai ga ko ɗaya daga cikin wannan kyau ba. Shi gonaki yake duba wa, yana ba su maki kamar jarrabawa: wannan ya makara da shuka, wannan ya yi rowar taki, wancan kuwa ko shi da kansa ne ya noma iyakar abin da zai yi ke nan. Mun tsaya a bakin hanya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya bi zamani, kuɗinsa ya hau shi kuma ya rame.

Neman Baba Ilu a Roni bai ba mu wahala ba. Shi ne ya koya wa Yaya, lokacin da aka tura Yaya koyarwa a garin yana saurayi. A da bara ne a gidan wani basarake, yanzu ya tsufa ƙwarai, muka same shi a zaure yana jan carbi, idonsa ya yi hazo amma kunnensa garau. Muka durƙusa muka gaishe shi. Da na faɗi ko ni ƙanin wane ne, sai ya saki carbin ya tafa hannu.

"Ɗan malamin nan mai wuyan riga a guge! Yana nan? Har yanzu yana rusunawa da sauri kamar wanda kunama ta harba?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, yanzu ko a hankali ba ya iyawa." Na ba shi labarin hannun. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce in ba shi kartar. Ya shafa ta kamar mai duba yadi. Da yatsun nan masu rawa ya yi mana ladabi sau ɗaya, a zaune, kuma wallahi duk da na san sirrin sai da na kalli fuskarsa na bar hannunsa. Abokina, wanda tun daga gida yake cewa mun fito ɓata mai ne kan wasan yara, ya ce a sake. Baba Ilu ya ce ba a gaida mutum sau biyu a zama ɗaya.

Shi ne ya ɗinka rigar, kuma bai ɓoye ba. Ya ce a wurin wani mai tsire a Gwiwa ya ga dabarar, kuma a can ba a rusunawa. Da ya dawo ya so ya yi wa maigidansa da fadawa, sai ya tarar da matsala. Bara ba ya tsayawa ƙiƙam a gaban basarake yana zaro abu daga ƙasan hannunsa kamar mai sayar da magani a tasha. Dole ka durƙusa, dole ka miƙa da hannu biyu. Ya daɗe yana jin haushin wannan ƙa'ida, yana ganin ta ɗaure shi. Sai wata rana yana miƙa wa maigidan goro ya lura hannayensa sun haɗu a gaban jama'a kowa yana gani, amma babu wanda ya gani. Daga ranar ya watsar da tsohon salon, ya mayar da musanyar cikin gaisuwa.

"Tsohon salon fa, Baba?" na tambaya, kamar ɗalibin da ke jiran sakamako.

"Na manta da shi, ɗan nan. Wanda ya samu doki ba ya tuna yadda ake hawan jaki. Ku je Gwiwa. Mai tsiren ya rasu, amma yaron tukubarsa Tanko yana nan, in bai bi shi ba."

Na fito daga zauren nan kamar in yi tsalle. A aji na sha gaya wa yara cewa duk al'adar da ka gani a tsaye akwai wata a kwance ƙarƙashinta, amma ban taɓa jin wanda ya binne ta yana ba da labari da bakinsa ba.

Daga Roni zuwa Gwiwa mota ta nuna mana shekarunta. Inda kwalta take lafiya sai ta yi ta gudu har da waƙa, inda ruwa ya ci gefen hanya sai mu koma tafiyar hawainiya, 'yan acaɓa suna wuce mu ɗauke da buhuna da awaki suna yi mana kallon tausayi. Mun sha fura a inuwar wata tsamiya wurin wasu mata Fulani. Nonon damina ne, mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a cikinsa. Abokina ya sha ƙwarya guda ya ce a ƙara, sannan ya yi min lacca kan illar ƙiba.

Yaron tukuba da aka ce mana, mun same shi da jikoki. Malam Tanko dattijo ne kakkaura mai fara'a, yana gaban tukubarsa yana jera tsinke, hayaƙi da ƙamshin ƙuli-ƙuli sun cika wurin. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya har ya dafa cinya.

"Daga Kazaure, da mota, don wannan? Kai, boko bai bar ku da aikin yi ba. Ku fara cin nama tukuna, ba na magana da mai jin yunwa."

Muka ci. Sannan ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya goge da tsumma mai tsabta, kafin ya taɓa kartar. Wannan wankin hannu ashe shi ne rabin tarihin. Ya riƙe kartar a hagu, ya ɗaga ta ya nuna mana katin ƙasa, goman zi. Ya kife hannun, ya sa dama ya zaro katin ƙasan ya ajiye a kan benci. Muka juya, sai ga wani katin daban, sarkin kubi. Ya sake yi a hankali don in gani. Yayin da hannun ke kifewa, yatsun hagu na tsakiya suna jan katin ƙasa baya kaɗan, kamar faɗin farce, sai na biyunsa ya leƙo. Hannun dama na zuwa ya ɗauki mai leƙen. Su a nan ja-baya suke ce mata.

Murnata ta ragu kaɗan, don har yanzu ga hannun dama a cikin aikin. Na ce, "Malam Tanko, dole ne sai da dama za a zaro?"

"Dole a wurin maigidana. Karta ɗaya gare shi duk duniya, kuma masu kallonsa su wane ne? Masu cin tsire. Kowa hannunsa sharkaf da mai da yaji. Ranar farko da ya bari wani ya taɓa, katin nan har ya mutu yana warin ƙuli, ko a duhu za ka gane shi. Daga nan ya rantse babu mai sake taɓa masa karta, shi zai zaro da kansa. Amma ya sha gaya min cewa wanda ya koya masa a kasuwar shanu ta Babura ba haka yake yi ba. Mai Igiya ake ce masa. Shi mai kallo ne ke zarowa."

Na kalli abokina, ya kalle ni. In mai kallo ne ke zarowa, to hannun daman wa ake bukata? Na mai kallo. Ban san lokacin da na rungume Malam Tanko ba, na ɓata farar rigata da mai. Ya ƙara mana tsinke biyu a takarda, ya ce mu kai wa mara lafiya, in ya ƙi ci mu ce masa mai tsire ya ce rowa ce.

Tsiren bai kai Kazaure ba, kuma ba ni da hannu a ciki sai kaɗan.

Da yake yamma ta yi kuma hadari ya haɗo daga gabas, muka yada zango a Achilafiya gidan ƙanwar abokina. Ruwa ya sauko muna shiga gari. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, da dafaffiyar gyaɗa sabuwar haƙa. Kafin magariba na zauna a zaure ina gwada ja-baya da hannu ɗaya. Duk lokacin da na kife hannun sai kartar ta zube kamar an buɗe bakin buhu. Mijin ƙanwar, wanda ladani ne, ya tsaya yana kallona ina tsintar kati a ƙasa. Da zai fita ya tambayi abokina a hankali ko tun yaushe abin ya same ni.

Washegari muka kama hanyar Babura, muka dace da ranar kasuwa. Tun daga nesa za ka san ka kusa, don hanya ta cika da motocin hatsi, da amalanken shanu, da ƙananan bas da aka ɗaure wa tumaki a sama suna kallon duniya. A cikin kasuwa kuwa Hausa biyu ake yi, tamu da ta mutanen Nijar, kuma kuɗi biyu ake ciniki da su. Na ji wani yana yi wa rago kuɗi da sefa, mai ragon yana amsa masa da naira, kowa yana lissafi a kansa ba tare da ya ɗaga murya ba. Na yi niyyar in sayi barkono da dabino, da na ji farashi sai na tuna ai ba sayayya ta kawo ni ba.

A kara, wato ɓangaren shanu, na yi kuskuren da ya dace da ni. Na tsaya a tsakiya na tambaya ko akwai wanda ya san Mai Igiya. Mutanen da ke wurin rabinsu igiya ce a hannunsu. Wani matashi ya ce, "Alhaji, zaɓi wanda ya yi maka." Sai da na ambaci karta wani tsohon dillali ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce mutumin ya rasu tun shi yana saurayi, amma 'yarsa tana nan, Inna Delu, ga rumfarta can tana sayar da fura.

Inna Delu tsohuwa ce siririya mai kaifin ido, tana zaune tsakanin ƙore, ludayi a hannun dama yana ta aiki. Muka gaisa, muka sayi fura don kada a ce mun zo hannu rabbana, sannan na kwashe labari tun daga darbejiyar ƙofar gidanmu har tukubar Gwiwa. Ba ta daina damu ba har na gama.

"Yanzu wasan Babana har gidan sarauta ya shiga?" in ji ta. "Shi da ko takalmi ba ya sawa. Allah mai iko."

Ta ce aikin mahaifinta riƙe wa fatake bijimai ne har a gama ciniki. Igiya a naɗe a hannun dama tun hantsi har la'asar, in ka saki ka sayi rigima da kasuwa gaba ɗaya. Ciniki kuwa ya kan ja, mutane su yi cirko-cirko. Wani baƙo daga tsallaken iyaka ya bar masa karta, shi kuma ya yi ta juya ta a hannun da ya rage masa har yatsunsa suka gano abin da suka gano.

"To ya yake miƙa wa manya kati da hagu, Inna?"

"Wa ya ce maka yana miƙawa? Ai Baba ya san kunya. Riƙewa yake yi nan kusa da ƙirjinsa, ya ce, Alhaji hannuna a ɗaure yake, zaro da kanka. Mai so ya matso. Kawo in gani."

Ta karɓi kartar Yaya da hagu, ta jinjina ta, ta yatsina fuska.

"Wannan ai kaya ne. Ta Baba ba ta kai haka kauri ba."

Nan take na tuna abin da na taɓa karantawa, cewa kartar da ake wasa da ita a ƙasashen da Faransa ta raina sau da yawa ba ta da ƙananan lambobi, daga bakwai take farawa. Ashe shi ya sa tawa ke zubewa. Kartar da ta tsallako iyaka siririya ce, tafin hannu ɗaya yana iya mallakarta. Na zauna a kan benci na tsame biyu-biyu har zuwa shida-shida na zuba a aljihu, na mayar mata da sauran.

Jama'a, abin da na gani a rumfar nan ya biya kuɗin mai da na tura mota. Dama tana damu, ludayi bai tsaya ba. Hagu ta ɗaga karta ta nuna wa abokina katin ƙasa, ta kife, ta janye hannun zuwa ƙirjinta.

"Malam, hannuna a ɗaure yake. Zaro da kanka."

Abokina ya miƙa hannu a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai a ƙarƙashin kaza, ya zaro, ya juya. Wani kati ne daban. Ya yi salati da ƙarfi har wani bijimi ya waiwayo. Shi da hannunsa ya zaro, shi ya sa abin ya fi cin rai. Ta ce rabonta da yi tun jikokinta suna ƙanana, da tsofaffin katin waya take yi musu, don ita ba za a ga karta a ɗakinta ba. Ta nuna min inda babban yatsa ke zama, da yadda ake sassauta riƙo kafin a kife, da kuma yadda katin da mutum ya zaɓa ke komawa kusa da ƙasa ba tare da taimakon dama ba. Wannan na ƙarshen ba zan rubuta shi ba, ba komai ake bajewa a kasuwa ba. Na gwada a gabanta har sai da ta ce in bari haka, ina kore mata masu saye.

Don kada wani masani ya kama ni, na san a littattafan masu wannan sana'a na wasu ƙasashe akwai dabara mai kama da ja-baya, kuma ta daɗe. Ba na cewa a Babura duniya ta koya. Ina cewa ne mutum mai hannu ɗaya a sake da dogon jira zai iya gano abin da wani ya gano a wata nahiya, ba tare da ɗayansu ya ji labarin ɗaya ba.

Mun iso Kazaure da la'asar sakaliya, duwatsun gari sun yi ja da hasken yamma. Ban biya gidana ba, na wuce ɗakin Yaya. A hanya na tsara jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, amma da na gan shi kwance ya juya wa ƙofa baya, sai jawabin ya gudu. Na gaishe shi, na isar da gaisuwar Baba Ilu, na zauna a bakin tabarma na ciro kartar. Na sa hannun dama a aljihu na fara ja-baya da hagu. Ta zube. Na tsince na sake. Katin ƙasa ya leƙo har ana ganinsa daga tsakar gida. Ina jin idonsa a kaina.

"Me kake yi haka?"

"Wani abu ne na gani a Babura, Yaya. Uban ladabi ne. Da hannu ɗaya ake yi."

Na sake gwadawa, kati uku suka faɗo kan ƙafarsa. Ya tashi zaune.

"Auta, kana ɓata wa mutane sana'a. Babban yatsanka a ina yake? Wa ya ce ka shaƙe ta kamar wuyan kaza? Kawo nan."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya jinjina ta, ya harare ni.

"Ka rage min karta?"

Sai a lokacin na ba shi labarin duka, da bara da goro, da mai tsire da man ƙuli, da bijimi da igiya. Yana ji yana juya kartar a tafinsa. Bai ce na kyauta ba, Yaya ba ya faɗin irin wannan. Ya dai ce in ja masa ƙofa in na fita, kuma in kashe rediyon.

A makon da ya biyo baya matarsa ta ce min ta gaji da tsintar kati a ƙarƙashin gado. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune gindin darbejiya sai ga shi ya fito yana dogara sanda, hannun dama a cikin aljihun riga. Nan take kowa ya fara matsa masa wuri a lokaci guda. Bayan an gama gaisawa ya dubi dattijon da ya fi kowa shekaru a wurin, ya sa shi ya zaɓi kati ya mayar. Ya nuna masa na ƙasa. Dattijon ya ce ba shi ba ne. Yaya ya kife hannu ya janye shi zuwa ƙirji.

"Baba, hannuna a ɗaure yake. Zaro da kanka."

Ihun da aka yi sai da mata suka leƙo ta kan katanga. Washegari da kansa ya ce a nemo mai adaidaita ya kai shi gashi, wai yana son ya ga ko dama za ta ji kishi ta dawo.

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da tsawo. Na fita ina zaton dabara tana girma ne a hannun wanda ya fi kowa sakewa. Sai na tarar duk inda ta canza, wani abu ne ya ɗaure mai ita: igiya a Babura, man tsire a Gwiwa, kunyar manya a Roni. Yanzu ga ta a Kazaure ta koma inda ta fito. Na kuma koyi cewa in za ka yi doguwar tafiya da tsohuwar mota, ka ajiye ta a kan gangare.

Da majalisa ta watse na ciro ƙananan lambobin nan da ke aljihuna tun Babura, na ce ga cikon kartarsa. Ya dube su, ya tura min da bayan hannu.

"Riƙe su, Auta. Gadonka ke nan. Sauran sai ka jira, kuma kada ka sa rai nan kusa."